Lambar da Na Yi wa Kaina da Aska

Na manta abubuwa da yawa, wasu ma da gangan, amma ranar da wata tsohuwa ta tona mini asiri a bakin rijiya a Birni ba za ta taɓa fita daga kaina ba.

Lokacin Nasara bai daɗe da zama a Damagaram ba, ni kuma ina saurayin wanzami, bakina ya fi askata aiki. Agana ta ɓulla wajen Gidimuni, sai kumandan, babban Nasaran gari, ya turo lokotoro, wato likita, ya yi wa mutane lambar rigakafi a dantse. Kowa ya ƙi. Ana ta cewa duk wanda aka yi wa, an shaida shi ke nan, gobe a kwashe shi soja ko aikin dole.

Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Wanzam, kai kake shiga kowane gida. Je a yi maka, ka nuna musu. In agana ta shigo, yara za ta fara ɗiba."

Na ce to. Amma ni da nake tsaga fatar jama'a kullum, sai ga ni ina tsoron ɗan ƙarfen Nasara. Na shige zaure, na zaro aska, na yi wa kaina tsaga uku a dantse, a jere tsaf, yadda ubana ya koya mini. Kwana huɗu ina bin gidaje, ina ɗaga hannun riga ina cika baki.

A bakin rijiya wata tsohuwa mai sayar da kanwa ta kama hannuna ta duba. Ta ce, "Ɗan nan, an yi wa jikana a bariki. Tasa ta kumbura, ta yi ruwa, ko kyan gani babu. Taka kuwa sai ka ce ado. Wannan aikin gidanku ne, ga irinsa a kumatuna, kakanka ya yi mini."

Mata suka yi dariya, suka ɗauki tulunansu. Kafin la'asar unguwa duk ta ji.

Washegari na zauna a ƙofar mai unguwa, lokotoro ya yi mini a ɗaya hannun, kowa na kallo. Ta kumbura, zazzaɓi ya kama ni, na shimfiɗa tabarma a waje don a gani. Da mako ya wuce ba a kwashe ni ba, aka fara kawo yara. Gida uku suka ƙi, suka ce ba su san wace dabara na sake yi ba. Agana ta shiga ɗaya daga cikinsu, ta ɗauki yara biyu. Ni na yi musu askin suna dukansu.

Tun daga nan na gane, mutane ba sa yarda da kai don ka iya magana. Sai sun ga abin da kake kiransu gare shi ya fara taɓa jikinka. In kuma ka yaudare su sau ɗaya, ko ka dawo da gaskiya, wasu ba za su sake buɗe maka ƙofa ba.