Ranar da Na Kare Ƙasar da Ta Aje Makamanta

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zai kwashe ranar muhawarar nan ba. Ina ajin ƙarshe a sakandare a Talata Mafara aka haɗa mu da wata makaranta ta Bakura, wanda ya yi nasara shi zai wakilci yankinmu a Gusau. Batun kuwa shi ne: Afirka ta Kudu da ta ƙera makaman nukiliya sannan ta lalata su da hannunta, ta ci riba ko ta yi asara? Aka ba ni ɓangaren riba. Murna ta hana ni cin abinci.

Zaure ya cika, har da mutanen Maradun da rashin tsaro ya koro garinmu. Abokin karawata, wani dogon saurayi mai murya, ya miƙe ya ce, "Ku tambayi mutanen ƙauyukanmu, wa ka saurarar mai hannu wofi?" Wuri ya ɗauki tafi. Har ga Allah ni ma maganarsa ta taɓa ni.

Sai na tashi. Na ce, "Gaskiya ne, mai makami ana tsoronsa. Amma in ƙasashe sun zauna kan rage makaman nan, wa zai yi magana a ji? Mai riƙe da su za a ce masa fara aje naka. Wanda bai taɓa samu ba a ce hassada ce. Ita kuwa Afirka ta Kudu ta iya, ta yi, ta fasa. Me za a ce mata?"

Nan take ihu ya tashi. Ƙawayena suka hau benci, malamarmu ta manta da girmanta tana ta tsalle. Da aka ce mu muka ci, kuka na fashe da shi.

A bakin ƙofa wani dattijo daga Gidan Goga ta Maradun ya tare ni. "Ɗiyata, to manyan ƙasashen sun aje nasu?"

"A'a, Baba, har yanzu."

Ya jinjina kai. "To ƙasar nan da ta aje ta ci gaba da hwaɗi musu. Ita dai tana da bakin magana."

Yanzu ni ma malama ce, kuma abin da ranar ta koya mini bai sake ni ba: kafin in nemi wani ya bar abu, sai na tabbata ni na riga shi bari.