Mu'awiyya Mai Rediyo da Waƙar Daɓen Inna Hadijatu

Da an sallame sallar asuba, Malam Mu'awiyya ba ya komawa gida ya kishingiɗa kamar sauran dattawa. Shagonsa na bakin kasuwar Ikara yake nufa, ya share ƙofa, ya kunna 'yar rediyonsa, sannan ya jera kayan aiki a kan tebur, har da tabaransa da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da zare. Da gyaran rediyo ya fara tun yana saurayi. Da rediyo ta ja baya sai ya koma gyaran waya da sifika, kuma da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa. Bana idonsa ya daina ganin ƙananan wayoyi, ya ce zai sauka daga teburin gyara. Shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana ji da kunnensa.

Aikin da ya kai sunansa Makarfi da Kudan bayan la'asar yake farawa. Sai ya ɗaure jaka a bayan babur ya nufi gidajen mutanen da Allah ya ba waƙa amma bai ba su halin shiga situdiyo a Zariya ko Kano ba. Akwai teloli a cikinsu, da manoman rake, da malaman firamare, duk masu yin waƙa don nishaɗin ransu. Idan ya shiga ɗaki ba ya fara buɗe jaka. Tsayawa yake a tsakiya ya tafa hannu, ya karkata kai yana saurare. In ɗakin ya mayar masa da tafin, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ɗakin surutu gare shi. Ina kuke ajiye masara?"

A ɗakin ajiyar hatsi yake kafa wa mutum wurin ɗaukar murya, domin buhunan da aka jera har sama suna shanye amsa-kuwwa. Kayan aikin ba su wuce wayar mai gida ba, da ƙaramin makirufo irin na maƙalawa a wuyan riga, da tsohuwar rariya da yake ɗaurawa a gaban baki don ta tare hucin numfashi. Matan aure da yawa sun nemi rariyarsu sun rasa, sai daga baya suka gano inda ta shiga. Iliyasu tela na Likoro shaida ne, don waƙoƙin begen da ake ji a wayoyin garinsu a tsakiyar buhunan dawa aka ɗauke su. Gambo makiyayi na Furana ma shaida ne. Iska ce take cinye masa busar sarewa, har Malam Mu'awiyya ya yago soso daga kujerar babur ɗinsa ya lulluɓe makirufon da shi.

Kai ne, Malam Mu'awiyya, ba ka yarda ka riƙe wa mutum waya ba. Sai ka tsaya a kansa ya danna da yatsansa, ya ɓata, ya sake, har ya iya, sannan ka hau babur ɗinka kana cewa ba ka son a riƙa nemanka. Faɗa kuwa akwai shi, kowa ya sani. Ka yi faɗa da fanka, ka yi da zakara, ka taɓa zuwa har wurin mai injin niƙa ka roƙe shi ya tafi cin abinci, duk don kada ƙara ta ɓata maka ɗauka.

Amma aikin da ya fi nuna ko shi wane ne, na Inna Hadijatu ta Paki ne. Wata safiya jikarta Khairunnisa, malamar firamare, ta zo shago. Bayan sun gaisa, ta tambayi iyali da aiki da ƙarfin jiki, sai ta ce, "Baba, maganar kakata ce ta kawo ni. Ita ce take ba da waƙa in mata sun taru daɓe, kuma duk garinmu babu wadda ta rage da ta san waƙoƙin sai ita. Ga shi numfashinta kullum raguwa yake. Ina tsoron mu wayi gari muryar ta tafi da su."

Yaran da suka buɗe ido a kan siminti da tayil ba lallai su san daɓe ba. Mata ne suke taruwa a sabon ɗaki, a shimfiɗa marmara, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, su durƙusa suna bugun ƙasa da madaɓin itace har ta yi santsi. Mace ɗaya ke ba da waƙa, saura suna amshi.

Malam Mu'awiyya ya je Paki ya yi yadda ya saba. Ya sami ɗakin masara, ya kori kaji, ya ɗaura rariya, aka zaunar da tsohuwa a kan darduma. Ta buɗe baki ta ja layi ɗaya, sai ta tsaya. Ta sake ɗaukowa, ta sake tsayawa. Ta dubi buhunan nan da suka kewaye ta, ta ce, "Ɗan nan, ka kulle ni da masara ka ce in yi waƙa? Ai waƙar nan a hannu take. In babu madaɓi ba ta fitowa."

Ya koma Ikara ransa a jagule. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ƙara, ga waƙar da ba ta rayuwa sai cikin ƙara. Ya bincika ko akwai mai shirin yin daɓe a ƙauyukan nan, aka yi masa dariya. Sai ya tuna da sabon ɗakin da ya gina a gidansa, wanda ya daɗe yana burin ya zama ɗakin ɗaukar murya nasa na kansa. Ƙasan kawai ya rage, siminti ma yana jingine a zaure. Nan take ya yanke shawara daɓe za a yi wa ɗakin.

Matarsa Bilkisu ta ce, "Malam, ɗakin da ka yi shekaru kana zancensa? Simintin fa?"

Ya ce, "Siminti ko yaushe akwai shi a kasuwa, Bilkisu. Inna Hadijatu ce babu irinta."

Daga nan bai zauna ba. Madaɓi ya ɓace a gidaje, sai da ya je kasuwar Makarfi ya kwatanta wa masassaƙi da hannu. Ya sa aka kawo marmara a amalanke, Bilkisu ta jiƙa makuba, ta bi maƙwabta tana gayyatar mata, mafi yawansu ba su taɓa riƙe madaɓi ba. Saura matsala biyu. Bugun zai danne muryar tsohuwa, sannan shi namiji ne, ba zai shiga cikin matan mutane ba. Don haka ya zaunar da Khairunnisa ya koya mata aikin. Bilkisu tana daka a turmi tana rera abin da ya zo bakinta, su kuwa suna matsar da makirufo daga wuyan riga zuwa kafaɗa, har suka gane cewa in an maƙala shi a gefen ɗankwali, kusa da kumatu, murya tana rinjayar bugu. Waya ta biyu kuma aka rataye ta a rufin ɗaki don ta kama amshi.

Ranar daɓe da hantsi aka kawo Inna Hadijatu a mota. Kowa ya ga yadda take haki daga ƙofar gida zuwa ɗaki, kowa kuma ya san ba za a iya sa ta maimaita wannan aiki ba. Ta durƙusa, ta damƙi ƙasar ta shinshina, ta ce an cika ruwa, wa ya koya musu wannan ɓarna? Khairunnisa ta ce, "Tsohuwa, faɗa kika zo yi ko waƙa?" Ta miƙa mata madaɓi.

Shi kuwa Malam Mu'awiyya yana zaure a kan buhun siminti, hannunsa babu abin yi. Da farko bugu kawai yake ji, kowace mace da nata, kamar ana rushe gini. Can sai bugun ya fara haɗuwa. Sannan wata murya siririya ta taso ta bayan katanga:

Ƙasa kwanta, ƙasa kwanta,
Ƙafar baƙo tana bisa hanya.

Matan ba su san amshin ba. Tsohuwa ta ba su shi da kanta, ta sake ba su, sai ga ɗaki ya ɗauka gaba ɗaya: "Kwanta, ƙasa, kwanta." Daga wannan ta shiga wata, daga wata ta shiga wata, tana hutawa tana kurɓar ruwa tana komawa, har ƙasan ɗaki ya yi sumul.

Da aka tashi, Khairunnisa ta kawo masa wayar zaure. Ya sa abin ji a kunne ya rufe ido. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya cire tabaransa ya goge ido da hannun riga, ya ce, "Ya kama, 'yata. Ke kika ɗauka, kuma ya kama."

Mun gode, Malam Mu'awiyya, mai kunnen da ba ya raina murya. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu waya a aljihu, akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke riƙe da abin da babu shi a wurin kowa. Hanyar ba ta da tsada, ya riga ya nuna ta. Ku je ku zauna a gabansu tun suna iya buɗe baki.

Kai kuma, in ka sauka daga teburin gyara, ka hau babur ka je Paki ka ga aikinka. Inna Hadijatu tana nan da ranta, sai dai daminar da ta wuce ta tafi da muryar, yanzu da raɗa take magana. Da yamma Khairunnisa takan ajiye mata wayar a kan tabarma ta kunna. Muryar da ke cikin waya ta ba da waƙa, ita kuma tsohuwar da ta yi rayuwarta tana bayarwa ana amsa mata, sai ta dafa ƙasa da tafin hannu tana bugawa a hankali, tana yi wa kanta amshi.