Kaset Mai Baƙin Salatif a Rabon Gado

Har yau in na tuna yadda aka kasa kaset-kaset ɗin taubashina a tsakar gida kamar tumatir, sai in ji zuciyata tana tafasa. An ce in yi haƙuri, na kuma yi. Amma haƙurin bai hana ni faɗa ba, don haka zan faɗa.

Taubashin nawa ɗan goggona ne, mai gyaran rediyo da talabijin a Bebeji. Ni tela ne, shagona yana kallon nasa. Tare muka tashi, yana kirana bawansa ina kiransa bawana, har furfura ta fara leƙo mu ba mu daina ba. Shi ya jefa ni cikin jarabar tara tsofaffin kaset ɗin gem na Japan. In ya shiga birni sayen kayan gyara, sai ya ratsa wajen masu gwanjon kayan wuta ya yi ta tonon ƙasan kwalaye. A can ake samun su, da ƙura da kashin ɓera, rubutun Japan a jikinsu gaba da baya. Ba mai so, tunda ba mai iya karantawa, wani lokaci ma a gyara ake ba shi. Na'urar da ke cin su kuwa ta girmi wasu matan auren, kuma wutarmu ta fi ƙarfinta, sai an bi da ita ta wani ɗan taransifoma mai rage wuta. Daga baya ya samo mini irinta, na ajiye a gida.

Ko harafi ɗaya ba mu iya ba, wallahi. Da lalube muka koya. Mun gane cewa layi na biyu daga sama magani ne, na ƙasa kuma gudu ne, don duk lokacin da muka danna shi sai mutuminmu ya ari na kare. Mutane suna wucewa suna yi mana dariya, wai ga magidanta biyu sun tasa talabijin a gaba suna musu a kan yaren da ba su ji. Ba mu taɓa damuwa ba.

A cikin kaset ɗin nan akwai guda ɗaya da ya fi mana sauran. Ruwan toka ne, da hoton jirgin ruwa, kusurwarsa ta fashe taubashina ya naɗe ta da baƙin salatif. Wasan doguwar tafiya ne, wani ɗan mutum yana yawo gari-gari, yana shiga kogo, yana haye teku. Shi ke riƙe da abin dannawa, ni ina gefe ina ba da shawarar da ba a tambaye ni ba. Shekaru muka yi muna bin tafiyar nan, wani lokaci mu maƙale a gari ɗaya damina guda saboda ba mu san abin da mai gadin ƙofa yake cewa ba. Kaset ɗin yana riƙe inda aka tsaya. Taubashina ya taɓa buɗe wani da ya lalace ya nuna mini dalili: wani ɗan batir ne a ciki kamar maɓallin riga. Ya ce muddin batirin nan yana manne da sauran ransa, kaset ba ya mantuwa, amma in aka cire shi ko na ƙiftawar ido ne, komai ya goge.

Mun kai bakin wata babbar ƙofa da muke kyautata zaton ita ce ta ƙarshe. Ya ce mu bari sai an gama girbi, mu zauna a natse mu shiga. Kafin a gama girbin zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa. Ɗan mutumin nan yana nan tsaye a bakin ƙofa, daidai inda yatsansa ya bar shi. A duk abin da ya bari a duniya, wannan kaɗai nake so.

Bai bar ɗa ba, iyayensa kuma sun riga shi. Magadansa uku ne: matarsa, yayansa da ke noman shinkafa a Tudun Wada, da ƙanwarsa da ke aure a Doguwa, wajen Riruwai. Da matar ta fita takaba, baffansu ya tara su da wani malami don rabon gado. Aka kwaso kayan shago aka zube, har da kwalin kaset. Na matsa kusa da baffan, na durƙusa na gaishe shi, na ce:

"Baffa, akwai kaset guda ɗaya a nan da nake roƙon a bar mini. In ma sayarwa za a yi, zan saya."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Wannan tarkacen yaran?"

"Shi, Baffa."

"Gemai-gemai da kai, ɗan'uwanka na kwance a ƙasa, kai abin wasa ne a gabanka? To ko allura ce ba a ɗauke ta kafin rabo. Haƙƙin magada ne. In an raba, ka bi wanda ya faɗa hannunsa."

Ban ja da hukuncin Allah ba, kuma ba zan ja ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, da baki ɗaya mutum ya ce abu tarkace ne, da bakin nan kuma ya ce ya fi ƙarfin a nuna mini inda zai faɗa. Na ce to a bar ni in tsaya in gani. Ya ce ni ba magaji ba ne, in ba su wuri. Magadan nan uku duk 'ya'yan gida ne a wurina, da ya tambaye su da sun ce a ba ni, amma wa zai ɗaga kai a gaban baffa? Ina fita na waiga, na ga ana ɗebo kaset da hannu bibbiyu ana kasawa, kashi babba, kashi ƙarami. Na'urar aka tura wa yayan, abubuwan dannawa aka ba matar, taransifoman ya bi ƙanwar. An raba abu uku yadda ba wanda zai iya kunna shi, aka shafa fatiha, kowa ya ɗaure buhunsa.

Na fara da Kiru, inda matar ta koma gidan iyayenta. Ta fito da kasonta daga cikin wata kwalla, a ƙarƙashin kwanukan aurenta, ta zube mini a tabarma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu mai salatif. Ta ce in kwashe duka, na ce a'a, ta riƙe. Sai ta yi ɗan murmushi ta ce:

"Da kun san tuwo nawa ya huce a shagon nan saboda ku."

Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska, ni ma na miƙe na yi sallama.

Tudun Wada ce ta kusa kashe ni. Na sami yayan a bakin gona, ƙafa duk taɓo. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai tuni uwargidansa ta miƙa kasonsa ga 'yan gwangwan, masu bi gida-gida suna karɓar tsohon ƙarfe. Robar wanki biyu aka ba ta. Na'urar kuwa a gabansa suka sa guduma suka fasa, suka zare 'yar wayar jan ƙarfen da ke ciki. Abin da ya haye teku daga Japan, ya tsira daga kwantena, ya tsira daga wutar Bebeji, a ƙarshe robar wanki ya zama. Na ce masa ko mai salatif yana ciki? Ya ce shi duk kamarsu ɗaya a idonsa, ya kuma ƙara da cewa in ina so ya ba ni roba ɗaya. Taubashina ne shi ma, wasa ya halatta a tsakaninmu, amma ranar ban iya mayar masa ba. Na hau babur na dawo ko ruwansu ban sha ba.

Saura ƙanwar. Wayarsu sai an yi sa'a take shiga, na sha kira kafin in same ta. Na kwatanta mata, ta ce in jira. Na ji tana jan buhu, na ji ƙarar robobi, sannan ta ce:

"Yaya, ga shi nan. Mai jirgin ruwa, an naɗe gefensa da baƙin abu."

Na yi hamdala. Na ce ta ɓoye mini shi kamar zinare. Na ce akwai ɗan tsohon batir a cikinsa, in ya mutu shi ke nan, tafiyar yayanta ta tafi. Kafin in ƙara wani bayani waya ta yanke. Lokacin ɗinkin Sallah ne, kaya sun yi mini tsibi, masu kaya suna zaune a kaina, ban sami tafiya ba sai da aka sauko daga idi aka kwana biyu.

Na hau mota na ratsa dajin Falgore, na sauka na hau babur zuwa ƙauyensu. Mijinta mai wankin kuza ne a wajen haƙar ma'adinai, Bafillace mai kunya da kara, irin mutumin da zai gaishe ka sau uku kafin ka zauna. Sun yanka mini zakara. Aka kawo fura da nono mai kauri. Ni kuwa idona yana kan ƙofar ɗaki, amma baƙo ba ya tambayar abin da ya zo nema da loma a bakinsa, sai na daure na ci.

Da aka kwashe kwanuka, mijin ya shiga ɗaki ya fito da wani abu a naɗe cikin sabon hankici, ya miƙo mini da hannu biyu. Na warware. Kaset ɗin ne, amma yana ƙyalli. An cire salatif, an manne kusurwar da gam, an goge hoton jirgin tas.

"Ba ma ba ka shi da datti ba," in ji shi. "Kuma ta ce ka damu da batun batir. Ran kasuwa na kai wa mai gyaran agogo, ya sha wahala kafin ya buɗe, amma ya sa sabo. Na ce ya sa wanda ya fi kowanne kyau. Ga ma tsohon nan, na ce kada a yar."

Ya ciro 'yar takarda daga aljihu ya buɗe. Ga batirin nan a kwance, da guntun dalma a jikinsa.

Na dube shi, na dubi ƙanwar da ke tsaye a bakin ƙofa tana jiran ta ga farin cikina. Mutumin nan ya bar aikinsa na yini, ya taka zuwa kasuwa, ya yi abin da duk ɗan halak yake yi in zai mayar wa mutum kayansa. Me zan ce masa? Na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Sau biyu na faɗa, don na farkon bai fito da kyau ba. Suka haɗa ni da ƙwaryar man shanu da sauran kaset ɗin da taransifoman, suka raka ni har bakin hanya.

A cikin mota, tun daga Falgore har Kwanar Ɗangora, baffan nan nake zagi a zuciyata, Allah ya yafe mini. Kalma ɗaya ce ta gagare shi. Da ya ce wa magada ga abin da wane yake roƙo, da a ranar an miƙo mini shi da salatif ɗinsa. Amma a wurinsa babban mutum ba ya son abin wasa, wanda ya so kuma bai cancanci a saurare shi ba. Har yau muna haɗuwa a masallaci ina gaishe shi, ina kuma durƙusawa, sai dai ban ƙara zama a inda yake zaune ba.

Duk da na san abin da zan gani, da na iso gida sai da na gwada. Bayan la'asar aka kawo wuta. Na jona tawa na'urar, na hura bakin kaset, na danna shi ciki. Kiɗan ya tashi garau, jirgin ya fito a kan teku, kaset bai taɓa kamawa da wuri haka ba. Na danna. Inda layi biyu suke fitowa, na ci gaba da na farawa, yanzu layi ɗaya ne.

Na danna shi. Sai allo ya cika da haruffan Japan jere-jere, da gurbi huɗu a sama babu komai. A nan na tuna cewa ran da muka fara wasan, sai da aka ce a raɗa wa ɗan mutumin suna. Taubashina ya zaɓi haruffa huɗu don siffarsu ta burge shi, bai san me suke cewa ba. Shekara da shekaru suna nan a kusurwar allo ina kallonsu. Na ce to ko wannan in mayar masa. Na samo na farko, mai kama da lauje. Na samo na biyu da na uku. Na huɗun na bi layukan nan sama da ƙasa, na ga guda biyu masu kama da juna, na sa wannan na goge, na sa wancan na goge. Har aka kira magariba ban san wanne ne nasa ba, kuma babu wanda zan tambaya.