Mai Gadin Da Aka Tsare A Ƙofa

Ranar yayyafi aka wuni ana yi, ruwan bai zuba ba, bai kuma ɗauke ba. Tsohon mai gadi ya shiga ofishin rajista na asibitin ido, da 'yar takarda a cikin leda. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙofar wata masaƙa. Bai cika duba kati ba, fuska yake kallo, kuma ba a taɓa jin ya hana mai gaskiya shiga ba.

Yanar ido ce ta rufe wa matarsa ido ɗaya, ta fara cin ɗayan. Sai an yi rajista a kwamfuta, sannan a aiko ranar aikin ta imel. 'Yarsu ta buɗe masa adireshi a wurin aikinta.

Akawu ya buga adireshin da ke takardar, jan rubutu ya fito. Ya sake, haka.

"Baba, kwamfuta ta ce adireshin nan ba daidai ba ne."

"Jiya 'yata ta aika saƙo, ya shiga. Da idona na gani."

Akawu ya nuna masa wani layi da mai haɗa manhajar ya manna musu a jikin tebur, ɗige-ɗige da baka-baka kamar kaza ta taka tawada. "Wannan ne ma'auninta. Bayan ɗigon ƙarshe harafi uku take karɓa. Naka shida ne."

"Ba ta leƙawa ta ga ko da mutum a gidan?"

"Ba ta leƙawa. Siffa kawai take aunawa."

"To, in na ƙago na ƙarya mai wutsiya uku?"

"Sai ta ce maka sannu da zuwa."

Tsohon ya cire hula, ya mayar. Ya juya maganar ta nan, ya juya ta can, ta ƙi zama. "Ɗana, wa ya ɗauke ta aikin gadi?"

Akawu ya yi dariya, ya goge, ya sa nasa adireshin. Ta karɓa. "Kai ne na goma sha ɗaya da na sa wa nawa. Saƙon wurina zai zo, sai dai ka riƙa leƙo ni."

Ya riƙa leƙowa kuwa, mota biyu zuwa, biyu komawa, ya zauna a benci ba ya damun kowa. Rana ta tara saƙo ya zo, aka yi wa matar aiki.

Har yau bai gane ba, ya dai daina tambaya. Yana gida, bakin ƙofa, matar tana zura masa zare a allura in zai ɗinke maɓalli. Takardar tana nan cikin ledarta.