Rage-Gudu Ya Riga Mu Tafiya

Daga Allah muke, komawarmu kuma gare shi take. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, ina tsaye a shagona ina share garin katako, sai maƙwabcinmu mai walda ya shigo ba ko sallama, ya zauna a kan benci ya ce mini ka cika. Na san kana jinya, na kuma san jikin ya yi nauyi, amma duk da haka sai da na nemi bango na dafa. Bayan azahar aka kai ka makwancinka. A cikin waɗanda suka raka ka na ga kafintoci da teloli da masu wasa wuƙa da masu gyaran takalmi, kuma da wuya ka nuna mutum ɗaya a cikinsu wanda babu wani inji a shagonsa da hannunka ya taɓa.

Sunan da muka san ka da shi a layinmu shi ne Rage-Gudu, har jikokinka ma Kaka Rage-Gudu suke cewa. Abin dariyar shi ne kai kanka ba ka san rage gudu ba. Tafiyarka da sauri, maganarka da sauri, ko shayi ba ka bari ya huce, kullum kana ƙona harshe kana zargin mai shayin. Wanda duk ya raka ka kasuwar tsofaffin kaya sai ya dawo yana haki. Amma da zarar ka tsuguna a gaban moton lantarki sai ka koma wani mutum daban, ka yi shiru, ka kara kunne, ko gaisuwa ba ka amsawa sai ka gama sauraron abin da moton yake faɗa maka.

Sana'arka ita ce ƙera injunan aiki daga kayan da mutane suka yar. Ka sha gaya mana cewa moton lantarki gudu ɗaya ya sani, alhali aiki kala-kala ne. Babban bakin huda ƙarfe yana son a bi shi a hankali, ƙarami yana son sauri. Dutsen wasa wuƙa idan ya cika gudu sai ya ƙona bakin wuƙar ta yi shuɗi ta daina ci. Gungumen katako da ba a daidaita ba, idan aka juya shi da ƙarfi, zai iya tashi da injin gaba ɗaya. Saboda haka kai aikinka shi ne sasanta moto da aikin da aka ba shi. Wani ka sa masa puli, wato faifan da fambel ke hawa, mai hawa-hawa kamar matakala, idan ana son sauyin gudu sai a ɗaga fambel daga wannan hawa zuwa wancan. Wani kuma ka haɗa masa maɓallin murɗawa. Amma ba kowane moto ne yake karɓar maɓalli ba, kuma wannan darasi mai walda ya koye shi da hancinsa.

Ya ga kana murɗa maɓalli inji yana rage gudu, sai ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ya je gida ya ciro abin rage gudun fankar ɗakinsa ya haɗa wa babban moton dutsen wasansa. Moton ya yi ta gurnani ya ƙi juyawa, ya ɗauki zafi, can sai ga hayaƙi mai warin ƙonannen fenti ya cika layi. Kai ne ka fara isa, da gudunka da ka saba, ka zare wayar daga bango. Ba ka yi masa faɗa ba. Ka dai tsaya kana fifita hanci da hula, ka ce masa: “Malam, irin wannan moton idan ka rage masa wuta yunwa kawai ka sa shi, ga aikin nan kuma yana kansa. Kai ma a hana ka abinci a ce ka ɗauki buhu, ai hayaƙin za ka yi.” Ka ɗauki moton ka sake naɗa masa waya, ka haɗa masa puli, ka kuma mayar wa iyalinsa abin fankarsu da hannunka don kada rigimar ta kai gida.

A gidanka ma ba a tsira daga gare ka ba. Maiɗakinka ta taɓa ba mu labari tana dariya cewa ta je biki ta dawo ta tarar da injin wankinta ya zama akwatin ajiye tsumma, motonsa kuma yana shagon mai gyaran takalmi yana goge fata. Da ta tambaye ka sai ka ce injin dama yana tari, ka hutar da shi ne. Tun daga ranar idan za ta yi tafiya sai ta kulle injin markaɗenta a cikin akwati ta tafi da makullin. Ta ce duk da haka idan kuka zauna cin abinci tana ganin idonka yana zuwa kan akwatin.

Ni kafinta ne mai juya katako, ƙafafun kujera da na tebur da sandunan gado su ne abincina, kuma shagona yana jikin naka tun muna da baƙin gashi. Bara waccan Allah ya jarrabe ni da shanyewar ɓarin jiki. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma hannun dama ya ƙi komawa yadda yake. Ranar da na fara komawa shago, babbar ’yata ce ta raka ni, ita ce kuma ta yi jinyata tun daga farko. Na ɗaura katako na kunna tsohon injina mai gudu ɗaya. Ina kai cizal, wato ƙarfen sassaƙa, sai katakon ya fizge shi daga hannuna, ya yi sama ya bugi bango dab da kanta. Da muka koma gida ta durƙusa a gabana ta ce: “Baba, ka yi haƙuri, aikin nan ya ƙare. Za mu mayar wa mai gini shagonsa, mu za mu riƙe ka.” Na san gaskiya ta faɗa, na kuma san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Amma ni tun ina saurayi ban san wani wurin zuwa da safe ba sai shagon nan, kuma zaman gidan da na yi na jinya ya nuna mini cewa idan na zauna ba zan daɗe ba.

Da labari ya kai gare ka ba ka zo ka ba ni haƙuri kamar sauran jama’a ba. Ka ɓace a kasuwar tsofaffin kaya, ka dawo da wani injin motsa jiki a kan baro, irin wanda mutum ke gudu a kansa ba ya zuwa ko’ina. Duk layi aka fito ana yi maka tsiya, wai Rage-Gudu zai fara rage tumbi. Ka ce motonsa kake so, domin shi irin moton da ake iya rage wa gudu ne ƙarfinsa bai tafi ba. Ka ciro shi da allon wayoyinsa, ka ɗora a kan injina, ka sa maɓallin murɗawa a inda hannun hagu zai kai, ka ja layuka da farin fenti a kewayensa. Sannan ka aika aka kira ’yata. Ka rubuta sunanta da alli a jikin katako, ka sa maɓalli a layin farko, ka kunna. Katakon ya riƙa juyawa a hankali har tana iya karanta sunan nata duk lokacin da ya zagayo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce: “Baffa, na yarda, amma da sharaɗi. Ranar da na ga maɓallin nan ya wuce layin farko, ranar za a rufe shagon.” Ka dafa ƙirji ka ce mata idonta ba zai taɓa ganin haka ba.

Haka na koma aiki. Da farko ƙafar kujera ɗaya sai ta cinye mini yini, kuma ta fito da kaushi sai na bi ta da takardar goge katako. Ban damu ba, tunda ina fita da safe ina dawowa da garin katako a gemu. ’Yata takan biyo ta shagon idan ta tashi daga aiki, kafin ta gaishe ni ma sai ta leƙa maɓalli. Ni kuwa ko ba ta leƙa ba ba zan taɓa shi ba, domin tsoron ranar da cizal ya bugi bango bai bar ni ba. Kai ma ka ɗauki wata ɗabi’a. Duk safiya sai ka shigo ka ba ni hannu ka ƙi saki, kana matsawa kana ba ni labarin da ba shi da kai, har sai na matse naka don in ƙwaci kaina. Wani lokaci kuma sai ka ce in je in karɓo mana shayi, kai za ka duba wayoyin inji. Na ɗauka zumunci ne da son shayi, kuma dama duka biyun halinka ne.

Da ciwonka ya tsananta a farkon shekarar nan, ƙafafun da ba wanda yake iya bi suka fara gaza ka. Ka aiko mini cewa kana son sandar dogarawa, kuma ba ka son ta kanti, tawa kake so. Na tsorata, domin sanda doguwa ce siririya, ita ce ke tona asirin hannun mai juya katako. Na zaɓi icce mai kyau na yi bisimilla. Ta fito santsi, ko takarda ban sa mata sosai ba. Da la’asar muka kai maka ita ni da ’yata, muka same ka a jingine da matashi, maiɗakinka tana gefe. Ka karɓa ka bi ta da babban yatsa daga sama har ƙasa, ka ɗaga ta saitin taga ka rufe ido ɗaya.

“Kafinta, a wane gudu ka yi wannan?”

“A layin farko mana, ina da wani ne?”

Sai ka kama dariya har tari ya sarƙe ka, aka ba ka ruwa. Da ka samu numfashi ka ce: “Layin farko ya daɗe da tashi daga inda kuka san shi. Duk ranar da na ji hannunka ya ƙara ƙarfi a gaisuwa, in ka tafi karɓo shayi sai in kwance ɗan sukurun maɓallin, in murɗa sandar ciki kaɗan, in mayar da kan a layin farko in ɗaure. Gudun da kake aiki da shi yanzu shi ne na tsohon injinka, tun kafin in kwanta.” Ka juya wajen ’yata ka ce: “Ke kuma alkawarin da na yi miki idonki ba zai gani ba, ya gani?”

Na dubi hannuna. ’Yata ta buɗe baki za ta yi faɗa, na ga faɗan ya zo har leɓenta, sai dariya ta ƙwace mata, sannan hawaye ya biyo baya. Ta ce: “Baffa, Allah ya shirye ka.” Ka ce amin, dama addu’ar da kake nema ke nan. A ranar ka dogara sandar ka taka har ƙofar ɗaki ka dawo, kana mita wai na yi ta da tsawo. Wannan ne ganina da kai na ƙarshe kana tsaye.

Bayan an tashi daga zaman makokinka na buɗe shago, ina jiran a ce in rufe shi, domin yanzu ’yata ta san komai kuma babu kai da za ka tsaya mini. Da yamma sai ga ta. Ta shigo ta gaishe ni, ko kallon inda maɓallin yake ba ta yi ba. Ta ajiye mini wata ’yar kujerar ɗanta da ƙafa ɗaya ta karye, ta ce: “Baba, idan ka samu sarari ka juya mini sabuwa.” Na ce to. Sai da ta fita na zauna a kan benci na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta, don kai ne mutumin da ya kamata in fara gaya wa, kuma shagonka a rufe yake.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Duk wani magidanci da ya ciyar da iyalinsa da injin da ya ƙera, ka sa ladan a mizaninsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta’aziyyata ga maiɗakinsa, wadda ta yi haƙuri da shi da tarkacensa tsawon zamansu, da ’ya’yansa da jikokinsa da ’yan’uwansa, da dukan mutanen layinmu. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya albarkaci abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen idan lokacinmu ya yi, ya sada fuskokinmu da tasa a gidan rahama. Amin.