Baban Madubai da Kujerarsa Mai Taya

Ƙarfe bakwai saura kwata yake buɗe ɗakin gwaje-gwaje na sashen Fiziks, tun masu shara ba su gama da baranda ba. Yakan wanke hannu sau biyu, sannan ya bi madubai ɗaya bayan ɗaya yana ɗage ƙyallen da ya rufa musu jiya. Ba ya taɓa fuskar madubi da yatsa. Ta gefe yake riƙewa, ƙura kuma da ɗan famfon roba yake hure ta. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki a jami'ar da ƙaramar 'yata take karatu. Shi ba lakcara ba ne, ma'aikaci ne mai kula da kayan gwaji. Ɗalibai suna ce masa Baban Madubai. Ƙarshen wannan wata zai yi ritaya.

Ni direban bas ne, karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Dalilin da ya sa na ɗauki biro shi ne, saura kaɗan in kashe karatun Auta da bakina, mutumin nan ya gyara.

Wani hutu ta zo gida tana fama da darasin da suke kira rilatibiti. Na tambaye ta abin da ya ɗaure mata kai. Ta ce tambaya ce a kan madubin da ke gudu ya tunkari haske: yaya hasken zai dawo? Na gyara zama na ce, "Wannan ai ko kwandastana ya sani. Ki jefa ƙwallo a gaban bas tana tafe, da ƙarin gudu za ta dawo miki. Ki haɗa gudun biyu kawai."

Mamanta ta ce, "Ka bar yarinya ta yi karatunta." Ban bari ba. Har zane na yi mata a bayan kalanda.

Tambayar ta fito a jarrabawa. Kanta ya ɗau zafi, ba abin da ta tuna sai bas ɗin babanta. Ta faɗi. Dokar sashen kuma ita ce, wanda ya faɗi wannan darasi sau biyu sai ya bar sashen. A karo na biyu a gaban allo za ta tsaya, malamai uku suna kallo. Auta ta daina cin abinci sosai, ni kuma sau biyu ina wuce tasha da fasinja suna buga mini jikin mota.

Ranar wata Laraba na ajiye bas na tafi jami'ar in roƙi malaminta. Ofishinsa a kulle, wai yana taro. Ƙofa ɗaya ce a buɗe a barandar. Na leƙa, na ga dattijo yana hure madubi.

"Ba a shigo mini da ƙurar waje," ya ce bai ɗago ba. "Goge takalmi. Wa kake nema?"

Na faɗa masa komai, har da kalanda. Ya yi dariyar da sai da ya ajiye madubin. Ya aika aka kira Auta daga laburare, ya jawo wata tsohuwar kujerar ofis mai taya, ƙafarta ɗaya ɗaure da waya. Ya zaunar da ita, ya ɗora mata madubi a cinya, ya kunna tocila a ƙarshen ɗakin ta ɗan gefe. Sai ya dube ni.

"Direba, ga mota. Tura ta wajen tocilar, kada ka yi mana ganganci."

Na tura. Taya na ƙugi kamar za ta fita.

"'Yata, a wurinki da kike zaune, madubin nan tafiya yake?"

"A'a, Baba. A tsaye yake."

"Haske ya bugi madubin da ke tsaye. Yaya zai koma?"

"Da kusurwar da ya zo, da launin da na ga ya zo da shi."

"Launin da kika gani, shi ne wanda tocila ta aiko?"

Ta ce, "A'a. Tunda ina tunkararsa, ya ɗan karkata zuwa shuɗi."

"Sauko, ki bar madubin a kan kujera, ki tsaya kusa da tocila. Yanzu madubin ne ke zuwa miki da hasken. Me ya faru?"

Na ga fuskarta ta canza. "Ya sake karkata. Sau biyu ke nan. Kuma daga nan ƙasa, kusurwar da ya fita da ita ta fi wadda ya shiga da ita tsukewa."

"Gudunsa fa?"

"Yana nan yadda yake. Ba ya ƙaruwa."

"To je ki rubuta. Hau madubi, yi lissafi, sauko ƙasa. Kujerar nan ba ta da gudun da ido zai ga canjin launi. Amfaninta ki san a ina kike zaune kafin ki kama alli."

Ni kuwa kunya ta ishe ni. Ya dafa kafaɗata ya ce ƙwallona ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Madubi mai gudu yana tura haske kamar yadda bas ke tura ƙwallo, sai dai haske ba ya ƙara gudu ko kaɗan, ƙarfin da ya samu a launi yake fitowa. Ya ce, "Na'urar da jami'an hanya ke saita maka daga nesa, da haka take gane gudunka. Bas ɗinka ita ce madubin."

Na ce, "Ashe abin da ya sha tsayar da ni ke nan."

"Ka ga, kai ma tsohon ɗalibi ne. Ba ka dai zuwa aji."

Kwana tara Auta tana komawa wurinsa da rana. Ta ce bai taɓa rubuta mata layi ɗaya ba, tambaya kawai yake jefowa yana goge gilashi. Wata malamar sakandare da na ɗauka a bas ta ji ina ba da labarin, ta ce ita ma ta hau kujerar nan shekara ashirin da suka wuce. Mai sharar barandar ta ce mini in jarrabawa ta matso, har ranar hutu yakan buɗe ɗakin.

Ranar da za ta tsaya gaban allo ina bakin ƙofar sashen tun safe, na kasa zama. Ta fito ta ce malami ɗaya ya tambaye ta inda ta samo wannan hanya, sauran biyun suka yi murmushi, don su ma a ɗakin suka yi karatu. Ta ci. Na zauna a kan matakala, na daɗe ban tashi ba. Da na kira mamanta, cewa ta yi, "Alhamdu lillahi. Kai kuma ka ajiye kalanda."

Baba, kai ne ka ga uba ya shigo da laifi a hannu ba ka wulaƙanta shi gaban 'yarsa ba. Kai ne mai hannu mai tsabta, wanda ya riƙe madubai da 'ya'yan mutane ta gefe don kada ya bar musu tabo. Na gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa naka 'ya'yan su samu mai buɗe musu ƙofa.

Ku da kuke aiki a wuraren da ba a kiran sunanku ranar yaye ɗalibai, ku yi koyi da shi, ku bar ƙofa a buɗe. Mu iyaye kuma, in yaro ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinmu, mu ce ba mu sani ba, mu raka shi wurin wanda ya sani.

Na tambayi Baban Madubai ko zai tafi da kujerar. Ya ce ta ɗakin ce, akwai 'yan aji biyu masu zuwa. Ranar Asabar na koma da kayan aikina, na cire wayar, na sa mata sabbin taya huɗu. Ya tura ta daga bango zuwa bango bai ji ƙugi ba, ya ce, "Direba, wannan karon ka ci."