Ranar Da Na Sa Zare Da Tsohon Mairuwa

Ni ɗan mahauta ne, haifaffen 'Yargoje, kuma a gidanmu dambe gado ne. Sai dai Allah bai ba ni jiki ba. Ina da shekara ashirin da biyu, amma buhun dawa ya fi ni nauyi. Abin da nake da shi sauri ne, ga ni kuma bahago. Kaka uku a jere, daga Ƙanƙara har Faskari, babu mai ƙaramin jiki irina da ya taɓa kai ni ƙasa.

Lokacin ne kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙauye. 'Yan kwangila suna zuwa filin dambe a kan sababbin babura, suna manna wa mutum naira a goshi. Kaina ya yi girma.

Gardamar a rumfar sarkin fawa ta tashi, ranar kasuwar Ƙanƙara. Wani ya yabe ni, sai sarkin fawa ya ce, "Ku yaran yanzu ba ku ga dambe ba. Da yaron nan ya tarar da gajeren nan na Mairuwa da ƙuruciyarshi, ko turmi ɗaya ba zai kai ba."

Wani mahauci yake nufi, wanda ya yi tashe tun zamanin Turawa. Ban taɓa ganin shi ba, sai labari. Akwai wani malamin firamare da ke zama a rumfar, shi ya ƙara wa wutar itace. Ya ce a damben Turawa da yake ji a rediyo, a kan sikeli ake ɗora mutane, ƙarami da ƙarami, babba da babba. Don haka a bar zancen ƙatti, a gwada ƙananan da da ƙananan yau.

Daga nan duk ranar kasuwa sai an yi. Dattawa su ce na Mairuwa bai taɓa ja da baya ba, yana kafe ƙafa ya jira, naushi ɗaya ya gama magana. Su ce da ƙafa yake tafiya har Sabuwa, ya sha fura ya shiga fili. Samari su ce ai damben da tsayuwa ce kamar turke, wa zai samu wanda ƙafarshi ba ta zama wuri ɗaya? Malamin ya kan raba abin: turmin farko nawa ne, a na biyu tsohon ya gane takuna, na uku kuwa sai Allah. Har matattu ake jawowa. Akwai wani Bamaguje na dajin Sabuwa, bahago shi ma, wanda ya rasu kafin a haife ni. Sau biyu aka haɗa mu da baki, sau biyu yana kayar da ni.

Wata rana abin ya ishe ni. Na ce, "A kawo mani na Mairuwan, da ƙuruciyar ko babu." Aka yi dariya. Ban san direban motar Mairuwa yana wurin ba.

Da maganar ta kai kunnen mahaifina, bai yi faɗa ba. Ya ajiye wuƙar da yake wasawa, ya ce, "Ka san idan an kai mutum ƙasa muna cewa an kashe shi. To, wannan mutumin na ga ranar da ya yi kisan da ba a tashi. Ina cikin waɗanda suka ɗauki gawar." Tun daga ranar, duk sanda na ɗaure zare a hannu sai in tuna da gawar nan.

Bayan an gama girbi, wani Alhaji ɗan kwangila ya kira wasa a Sabuwa. Muka sha hanya a bayan babbar mota, cikin daji da ramuka, muka isa bayan azahar. Da la'asar fili ya cika. Na yi wasa ɗaya da wani yaron Faskari na kayar da shi, ina zaune ana yi mani fifita, sai makaɗa suka sauya kiɗa. Wani take ne mai nauyi da ban taɓa ji ba. Na ga dattawa suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya.

Mutane suka dare, tsohon Mairuwa ya fito. Tsawonmu ɗaya. Gemunshi fari fat, ana iya ƙirga haƙarƙarinshi, ga tsohon warki a ƙugu, hannun dama kuma a ɗaure tun daga gida. Ya tsaya ya yi tari mai tsawo, ya tofar, sannan ya taho kai tsaye ya miƙo mani hannun.

Na durƙusa. Na ce, "Baba, ka yafe mani. Ƙuruciya ce."

Ya ce, "Tashi, yaro. Ba haƙuri na zo karɓa ba. An ce ka ce a kawo ni. Ga ni."

Na duba ko wani zai hana. Sarkin dambe ya kalli Alhaji, Alhaji yana ta dariya yana ɗaga kuɗi sama. Mahaifina bai zo ba. Malamin firamaren, da ya biyo mu don kallo, ya sunkuyar da kai.

Tsoro biyu ne suka kama ni, ban san wanda ya fi ba. Idan hannun nan ya same ni, ƙila gawata za a mayar 'Yargoje. Idan nawa ya same shi, tsoho ne mai tari, sa'an mahaifina.

Aka sa mu a tsakiya. Ya kafe ƙafa, ya miƙa hannun hagu gaba, bai motsa ba. Idanunshi ba fuskata suke kallo ba, ƙirjina suke kallo. Na yi ta zagaya shi, na kasa kai hannu, har aka raba turmin farko ana yi mani ihu.

A na biyu, da muka matso, ya ce a hankali, "Idan ka ƙi bugu, ka zage ni sau biyu ke nan."

Na kai wani naushi na ganin dama, rabin ƙarfi. Ban ga lokacin da ya juya ba. Na dai ji kamar an buga mani taɓarya a kunnen dama, duniya ta yi shiru, ƙasa ta karkace. Ban faɗi ba, ban san dalili ba. Na ga yana sake ɗaga hannun, kuma hannuna ya tafi da kanshi. Wallahi ban yi niyya ba. A haɓa na same shi.

Ya faɗi ta baya, kanshi ya bugi ƙasa. Kalangu ya tsaya. Ba wanda ya yi mani kirari. Na tsaya a kanshi ina kallon ƙirjinshi, ba ya motsi. Aka kawo ruwa aka zuba mashi, shiru. Wani dattijo ya fara salati. Na zauna a ƙasa, jini na zuba daga kunnena, ina cewa a zuci shi ke nan, na kashe mutum, kuma bakina ne ya jawo. Na tuna yana da 'ya'ya, ƙila suna cikin taron nan. Na fara kwance zaren da haƙora, na kasa.

Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji tari. Ya juya gefe ya yi amai, ya buɗe ido. Aka ɗauke shi a motar da ta kawo mu zuwa asibitin Funtuwa, ni ma na shiga, na riƙe kanshi a cinyata. Duk ramin da motar ta faɗa sai in sa hannu a hancinshi in ji ko yana numfashi.

Kwana tara ya yi a kwance. Ya tashi, amma harshenshi ya yi nauyi, hannun daman kuma bai ƙara riƙe wuƙa ba. Ni kuma kunnen nan bai sake ji ba har yau.

Bayan sallah na kai mashi cinyar rago Mairuwa. Babban ɗanshi ya tare ni a ƙofa ya ƙi amsa sallamata, sai da tsohon ya yi magana daga cikin zaure ya matsa. Na zauna nesa. Da ƙyar nake gane abin da yake faɗi. Ya tambayi mahaifina, ya tambayi yadda dawa ta yi a wajenmu. Sannan ya ce in daina sauke kafaɗa kafin in kai hannu, kowa na gani.

Na ce, "Baba, ai na bar dambe."

Ya kalle ni, ya ce, "To." Ya sa aka kawo mani ruwa.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Ina Ƙanƙara ina fiɗa aka zo aka gaya mani, na wanke hannu na nemi mota, amma kafin in isa an riga an kai shi.